Kwabon da na wanke da toka

Juma'a kaɗai nake da miji a Riyad. Sauran kwana shida na kafil ɗinsa ne, Balaraben da yake wa tuƙi a Al-Naseem. Ya fita ban tashi daga kan sallaya ba, ya dawo tuwo ya huce. Ni kuwa mace ce ta ɗaka. Ɗakuna biyun da muke haya a Gubaira, bayan wani shagon walda, sun ishe ni duniya. Abin da nake so a zauna a yi hira. Tun Asabar nake tara labarai, sai an sauko daga masallaci in juye masa su a kan dambu da man shanu.

To sai ga sandar nan ta shigo mana gida. Abokinsa ne ya jawo ta, wani mutumin Maraɗi mai aikin tayil. A haraj suka saye ta, kasuwar gwanjonsu. Doguwa ce, da faifai a ƙasa kamar murfin tukunya, da abin sawa a kunne. In ta bi ta kan ƙarfen da ke binne sai ta yi kuka.

"Malam, sandar makafi ka sayo mana?"

"Tarihi za mu tono, Hajiya. Ayari ya daɗe yana bin ƙasar nan."

"Tarihin ba ya tonuwa sai ran Juma'a?"

Dariya ya yi. Daga ranar, ana sallame salla sai su nausa daji can bayan tsohon garin Dir'iyya, nesa da wurin tarihin da hukuma ta killace. Sai magariba ya dawo fuska duk yashi, ya miƙo min leda in zubar: marfin gwangwani, ƙusa, guntun cokali. Wata huɗu ina dafa dambu ina ci da bango. Na ce masa baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya haƙa a ƙasar mutane, ya ce ba kangon kowa suke taɓawa ba. Kuma da yake yana gwada ta a kan darduma, kunnena ya riƙe kukanta. Gwangwani kuka yake sa ta kamar zakara mai mura, tagulla kuwa murya ɗaya ce, cikakkiya. Na gaya masa. Ya ce, "Ke dai ji da tukunyarki."

Wata Juma'a ya dawo baki har kunne, ya shige ɗaki da waya yana ta ihu da abokin. Ni ko uffan bai ce min ba. Washegari ina goge kanta na tarar da wani abu a cikin finjalin gahawa, kore shar, kamar an tsamo shi daga kwata. Na duba, ashe kwabo ne, da alamar rubutun Larabci a ƙarƙashin dattin. Wallahi tausayinsa na ji. Na ce bawan Allah ya sha rana, bari in fito masa da abinsa fes.

A gidanmu ba a barin tagulla da kore, abin kunya ne. Duk jajiberin Salla mahaifiyata kan zaunar da mu da tasoshi, da toka, da lemon tsami, mu dirza sai mun ga haƙoranmu a ciki. A Gubaira gas muke girki da shi, don haka tokar kaskon turare na kwasa. Na matse lemo, na dirza, na bi da soson ƙarfe. Ya fito ja wur, sumul. Rubutun ya bi koren sun tafi. Na lura, amma na ɗauka datti ne ya yi min kama da rubutu. Har a kan faranti na ɗora masa shi.

Da yamma suka shigo tare, abokin ya zo ganin kwabo. Ina bayan labule ina jiran yabo.

"Hajiya! Me kika yi wa abin nan?"

"Wanke maka na yi, Malam."

Abokin ya yi salati. "Haba matarmu, ai koren nan shi ne shekarunsa. Rubutun a jikinsa yake."

Sai mijina ya ce, da muryar da mai walda ma zai ji, "Jahilci dai bai yi ba."

A gaban baƙo! Ni da ban taɓa ɗaga labule in akwai namiji a falo ba, ranar na ɗaga.

"Aji uku na yi, ka sani ka aure ni. Wata huɗu kana hira da sanda, ni ledar shara ce rabona. Da ka buɗe baki ka ce, Hajiya zo ki ga abin da na samo, kada ki taɓa, da me zai ragu a jikinka? Ka ajiye datti a finjalina ka yi shiru, sannan ni ce jahila?"

Abokin ya lallaɓa ya nemi takalmansa. Mu kuwa kwana biyar sai sallama da amsawa.

Ran Juma'a na zuba dambu a kula, na zura abaya, na riga shi shiga mota.

"Ina zuwa?"

"Inda ka kai Juma'ata."

Ban taɓa ƙin wuri kamar dajin nan ba. Ba inuwa, sai ƙuda da duwatsu masu ƙuna. Na karɓe abin kunnen na sa, shi yana kaɗa sanda a gabana. Ta yi kuka, ya durƙusa zai tona, na ce, "Wuce, gwangwani ne." Ya yi gardama, ya tona, gwangwani ne. Sau uku haka. Can kusa da wata tsohuwar rijiya na ji muryar nan cikakkiya, na ce, "Tona nan." Wata 'yar ƙararrawa ce ta tagulla, irin ta wuyan dabba, kore shar. Ya miƙo min, na maida hannuna baya.

"Riƙe abinka, kada jahilci ya taɓa."

Ya yi dariya ya ce kunnena ya fi na'urar. Ba wannan maganar nake jira ya faɗa ba. Wadda nake jira, ta ban haƙuri, har yau bai faɗe ta ba.

Daga nan ba ya fita sai da ni. Na samu Juma'ata, amma a rana, ina tauna dambu da yashi, kunnena a toshe, ba halin hira. Kwabon yana cikin gwangwanin allurata. In ya fara yin duhu na kan sake dirza shi, a gabansa.