Tsohon da Ke Zuƙar Taliya

A gidan abincin Italiya a birnin Osaka na Japan, ga wani tsoho mai sanƙo, kwat ɗinsa sai warin akwati. Da gani, yau ake nuna masa saurayin 'yarsa. Ya ture cokali, ya zaro tsinkayen cin abinci daga aljihu, yana zuƙar taliya, fuuut, yadda ya saba yaba wa mai girki a al'adarsu.

"Haba Baba, nan ba a zuƙa!" in ji 'yar, tana sunne kai.

"To, yaya za su san ta yi daɗi?"

Saurayin ya dubi farar rigarsa, ya dubi jar miya. Ya runtse ido ya zuƙa, miya ta fantsama har kwala.

Tsohon ya gyaɗa kai. "Yaushe ne bikin?"