Ranar da Na Auna wa Amarya Haske a Zurmi

Ranar da komai ya sauya mini, ina zaune a gidan biki a Zurmi da littafina na soyayya a cinya. Rakiya kawai na yi wa maigidana, shi ne mai hoto.

Rana ta take, amarya Rabi tana tsakar gida. A irin wannan rana dole kyamara ta ƙifta da sauri sosai, ita kuwa fitilar filas ƙarfinta raguwa yake idan tana bin wannan saurin. In ba a auna ba, fuska duhu za ta fito. Ma'aunin hasken kuma a ƙarƙashin haɓar amarya ake riƙe shi.

Maigidana ya miƙa hannu da ma'aunin ke nan, gwaggon Rabi ta tare shi.

"Wanga hannu ina za shi? Namiji ba ya matsowa ga ɗiyata. A bar hoton."

Idon Rabi ya ciko. Na rufe littafina.

"Gwaggo, ni fa?"

"Ke mai karatun soyayya? Kin iya?"

"Da fuskata yake gwaji a gida kullum."

Na karɓi ma'aunin, na juya farin ƙoƙon da ke kansa wajen kyamara, maigidana ya danna filas, na karanta masa lamba, ya ƙara ƙarfi. Fuskar Rabi ta fito tas, sama shuɗiya a bayanta.

Amare nawa kuka sani da suka rasa hoto saboda haka? Ku gaya mini.

Ni dai tun a hanyarmu ta komawa Kaura na ce wa maigidana zan koyi kyamara. Daga yanzu hoton matan cikin gida nawa ne.