Laimar Kawu Sambo da Irin Albasarmu

Duk wanda ya san Kawu Sambo, ƙanen mahaifiyata kuma malamin kimiyyarmu a sakandare, ya san laimarsa. Manya sun ce baƙa ce a da. Mu dai mun iske ta ruwan toka, faci a kan faci. Don rana kaɗai yake buɗe ta. In hadari ya taso sai ya naɗe ta, ya cusa cikin riga, ya jiƙe sharkaf.

"Kawu, ruwa fa!"

"Mi ruwa za ya yi mini? Ni bushewa nika yi, ita ruɓewa taka yi."

Wata shekara malamai daga jami'a suka zo mana Goronyo da ƙaton balan-balan. Zai ɗauki ƙaramin akwati har can sama inda sanyi ya fi na firji, ya fashe, akwatin ya sauko. Aka ce mu zaɓi abin gwaji da za a sa a cikin akwatin. Na ce a tura monitanmu Bashiru, tun da ba shi da nauyi, ba kuma wanda zai yi cigiyarsa. Kawu ya murɗe mini kunne har na ji kukan injin ban-ruwa a cikin kaina.

Irin albasa 'yar Wurno ya kawo, ya raba biyu: rabi ya hau, rabi ya zauna, mu shuka mu ga ko sanyin sama zai kashe shi.

Ranar tashi, akuyar maigadi ta cinye rabin ƙyallen da zai tare iska in akwatin zai sauko. Shugabar baƙin, Malama Rifkatu, ta ce ba ƙyalle, ba tashi, kuma da yamma za su koma. Sai ajin gaba ɗaya muka juya muka kalli laima.

"Ku ɗauke idanunku, 'yan nema!"

Ya rungume ta. Ya dubi ƙullin irin, ya dubi sama, ya ja wani numfashi da na rantse ya rage ruwan dam ɗin garinmu. Sannan ya zaro reza, ya farke ƙyallen daga jikin ƙarafan da hannunsa.

"Aro ni bada, Malama. Aro! A shaida ma sama."

Balan-balan ya tashi muna ihu. Can wayar Malama ta nuna akwatin ya sauka a fadama wajen Wurno. Muka bi sawu, Kawu a gaba, riƙe da ƙarafan laima tsirara bisa kansa.

A gonar shinkafar wani tsoho muka sami akwatin, lafiya lau. Ƙyallen kuwa har an ɗaure shi a kan sanda yana kaɗawa.

"Akwati naku na, ku ɗauka," in ji tsohon. "Amma wanga tsumma, tun da ni ɗaura shi ko tsuntsu guda bai sauka ba. Don Allah, Malam, bar mini shi har girbi."

"Tsumma?"

Wallahi na ɗauka za a yi jana'iza a wurin. Kawu ya daɗe yana kallon shinkafar da ta sunkuyar da kai.

"Har girbi. Amma in ka ga hadari, ka naɗe ta."

Bayan damina muka shuka irin da ya hau da wanda ya zauna, duka biyun suka tsiro. Lokacin Kawu ya kwanta ciwo, sai na kai masa tsiron a kwano.

"Wanne na na sama?"

"Ba a bambancewa, Kawu."

"Tau, hakanan za ka hwaɗi. Kada ka ƙara gishiri, na san halinka."

Bai kai cirar albasar ba. Mu muka cire, muka raba wa maƙwabta sadaka. Duk gishirin da kuka ji a labarin nan nawa ne, amma wannan ban ƙara ko ƙwaya ba: irin ya je, ya dawo, ya rayu.

Allah ya jiƙan Kawu Sambo, ya sa ya huta, ya haskaka makwancinsa. Amin.