Wuta ta dawo, hannuna yana cikin moter

Salamu alaikum. Masu tambayar ina Sani mai haɗa moter ya shige, ga ni. Ban mutu ba, ban kuma tafi ci-rani ba kamar yadda wasu suka baza. Jinya na yi. Da hagu nake latsa wayar nan, sai ku yi haƙuri da rubutun.

A bazarar da ta wuce, Malam Isuhu kafinta, mai shago a unguwar Zariya, ya sayo tsohon moter na famfon ban-ruwa daga Jiratawa. Yana so in haɗa masa shi a injin tsaga katako. Aiki ne da na yi ba adadi.

Kun san halinmu masu wannan sana'a. In an ɗauke wuta sai mu ce faɗuwa ta zo daidai da zama, mu zura hannu cikin waya, ba mai zare komai daga bango. Haka na tashi na ga ubangidana yana yi. Ran nan tun hantsi babu kuran, wato wutar lantarki, kowa na cewa sai magariba.

Wuta ta dawo kafin azahar, ina riƙe da waya biyu tsirara a hannun dama.

Na ji unguwa ta ɗauki ihun murna. Ni kuma yatsuna sun ƙi buɗewa. Malam Isuhu ne ya maka mini katako a kafaɗa, na faɗi.

Ciwon da wutar ta bar mini a tafin hannu bai fi ƙwayar gujiya ba, fari fat, ba jini, ba zafi. Na shafa man goge baki na tafi gida.

Kafin mako ya zagayo hannu ya kumbura, ya fara wari. Matata Rabi ta kama shi ta duba.

"Maigida, mi ya samu yatsun ga? Sun yi baƙi ƙirin."

Na mintsine su. Kamar na mintsini tabarma.

A asibiti aka auna jini, fitsari da bugun zuciya. Kullum sai an miƙo sabuwar takardar magani. Babur ɗina ya tafi, kayan ɗakin Rabi suka bi shi.

Likita ya ce, "Ƙunar kuran daga ciki take ci, abin da ka gani a waje ƙofa ce kawai. In ruɓar ta haura, daga wuyan hannu za mu yanke."

Na ce, "To."

Iyakar abin da na ce ke nan. Rabi na kuka, ni ina kallon fanka. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba, kamar labarin wani ake ba ni.

Inna ta zo daga Tsibiri da furarta a kwano. Ta tare likita a bakin ƙofa.

"Ɗana, in yankan ya zama dole, ku rage mishi na cin tuwo."

Kowace safiya a kwance bandeji, a kankare mataccen nama. Na gadon kusa da ni ihu yake idan an zo kansa, ni kuwa har ƙyashi nake masa. Sai likita ya soka mini allura a yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ka ji?"

"A'a."

Haka muka yi ta yi, har wata safiya babban yatsa ya ɗan amsa. Ranar aka fasa yanke hannun. Aka cire ƙananan yatsu biyu, aka ɗebo fata daga cinyata aka rufe tafin.

Na ce alhamdu lillahi da baki. Zuciyar har yanzu tana biyo baya a hankali.

Na gode wa Allah. Na gode wa Rabi da Inna, da ma'aikatan da suka jure warin da ni kaina na kasa jurewa. Malam Isuhu, katakonka ya bar mini tabo, Allah ya saka da alheri.

'Yan'uwana masu haɗa moter, ɗaukewar wuta ba kashewa ba ce. Ku zare waya daga bango, ku ajiye kanta inda idonku ke ganinsa. Kondansater ma, 'yar gwangwanin nan da ke jikin moter, tana riƙe wuta bayan an zare, ku sauke wutar tukuna. Wanda kuran ya kama, ko ciwon bai kai ƙwayar gero ba, ya tafi asibiti a ranar.

Na fara fitowa. In mun haɗu, ku ba ni hannu kamar da, kada ku ja baya. Amma in na riƙe ku na daɗe, ku gaya mini in saki. Ba na jin hannunku a cikin nawa.