Bidiyon Tashar Mota Da Ba Ni Na Ɗauka Ba

A shekarun da bama-bamai suke tashi a Gombe ni saurayi ne, ina da ɗan shago a unguwar Madaki inda nake tura wa mutane finafinai a waya, ina kuma gyaran bidiyon biki. Na buɗe shafi a wani dandalin bidiyo na intanet, ba abin da nake so kamar in wayi gari in ga masu kallo sun ƙaru. Edita, na daɗe ina ɓoye wannan magana, yau dai na gaji.

Akwai wani mai ɗaukar bidiyon biki a unguwar Barunde, ya girme ni, Yaya nake ce masa. Kwana uku bayan bam ya tashi a wata tashar mota ya zo shagona idanunsa jawur, ya miƙo mini katin kyamararsa. Ya ce ƙanwarsa ya raka za ta koma makaranta, yana ɗaukarta tana ɗaga masa hannu ta tagar mota, sai abin ya tashi. Kyamarar ta faɗi amma ba ta daina ɗauka ba. So yake in yanke masa farkon inda take dariya ya kai wa mahaifiyarsu, sauran in goge. Na rantse masa na goge, alhali na kwafe. A ranar na ɗora shi duka, da hayaƙin, da ihun, da mutanen da ke kwance cikin jini, na manna sunan shafina a kai.

Bidiyon ya bazu. Da Yaya ya gani ya kai ƙara ga masu dandalin cewa hotonsa ne, aka sauke. Maimakon in ji kunya sai na mayar da martani cewa ai labari ne, kowa yana da damar yaɗa labari. Ya tura musu asalin ɗaukar, suka rufe shafina gaba ɗaya. Ya zo ya same ni, bai ɗaga murya ba. Ya ce ba ya neman ko sisi a wurina, amma in sani a wayar maƙwabciya mahaifiyarsu ta ga yadda 'yarta ta cika.

Ni kuwa shafina kawai nake ji. Da la'asar a wurin mai shayi, cikin matasan da kowa ya rasa wani nasa, na ce ya kamata a tambayi yadda aka yi mutum ya saita kyamara kafin bam ya tashi. Na san amsar, amma na faɗa.

Washegari da hantsi matasan suka tare Yaya a bakin layinsu da gora da adda, ina tsaye daga nesa. Suka fasa kyamarar a kansa, suka take hannunsa na dama har na ji ƙarar ƙashi. Yana kiran sunan ƙanwarsa, yana cewa a tambaye ni, ni na san gaskiya. Na sunkuyar da kai. Har an kawo taya da fetur, sai limamin unguwar, tsoho tukuf, ya kwanta a kansa ya ce sai dai a ƙone su tare. Yaya ya rayu, amma ya rasa ido ɗaya, hannun ya shanye, ya kuma yi watanni a tsare kafin a gane ba shi da laifi.

Bayan shekaru na bi shi Tumfure inda ya koma, na faɗa masa ni na fara maganar. Ya ce ya sani tun ranar. Ya ce nasa haƙƙin ya bar wa Allah, na mahaifiyarsu kuwa ta rasu ba ta yafe ba.

Na koyi cewa bidiyon wani ba kayan tsintuwa ba ne, wahalarsa ce, wani lokacin ma gawar ɗan'uwansa ce a ciki. Matasa masu ɗora bidiyo, ku nemi izini kafin ku taɓa aikin mutum. Idan mai shi ya ce ku sauke, ku sauke, ku kama bakinku. Ni an rufe mini shafi ne kawai, na sa aka nakasa mutum, kuma har yau ban san da wane ido zan dube shi ranar hisabi ba.