Ƙwayoyin Barcin Baba

Babana agashe yake sayarwa a kasuwar Gadarif, a bakin layin masu dawa. Agashe shi ne tsirenmu na nan, kuma har Larabawan garin sun yarda babu mai haɗa ƙuli da yaji kamarsa. Abin da ya fi burge mutane shi ne yadda yake tsamo tsinke daga cikin wuta da hannu, ko yarfe yatsa ba ya yi. Sai su ce hannun tsoho ya saba da garwashi. Ni ma na sha yin alfahari da wannan, ban san hannun ne ya daina ji ba.

Shekarun da nake magana su ne waɗanda ake tare samari a tashar mota a kai su yaƙin kudu. Komai ya yi wuya, amma magani ya fi komai. A unguwarmu ba a zubar da ƙwaya. Idan zazzaɓinka ya sauka ka rage biyu, gobe za su tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabta, kamar yadda ake aika gishiri. Matar da ta hana kuwa ta sayi baƙin jini. Inna, mahaifiyata, ita ce uwar wannan hali. Ba ta iya jin tari a bayan zana ta zauna lafiya.

A lokacin aurena ya mutu, na dawo gida ina sayar da shayi. Ƙanena kuma ya auro wata yarinya daga Ƙala'at an-Nahal, shiru-shiru, mai kunyar da har haushi take ba ni. Ko ruwa ba ta sha a gaban Baba. In ta ji takunsa sai ta shige ɗaki. Nakan tsokane ta in ce, "Matarmu, wannan tsohon ba kura ba ne fa," sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Da damina ta kankama mijinta ya tafi Simsim aikin riɗi, don neman abinci da kuma kauce wa masu kamun soja. Ya bar mana ita.

A wannan daminar ciwo ya kwantar da Baba. Zazzaɓi, ga wasu kurajen ƙulu-ƙulu masu zafi a damatsa da fuska, ga rashin barci. Ya tafi babban birni shi kaɗai, ya ƙi a raka shi. Ya dawo da magunguna iri-iri, cikinsu har da wasu ƙwayoyi a ƙaramin gwangwani. Ya soke gwangwanin a jinkar ɗakinsa ya ce, "Na barci ne. Kada kowa ya taɓa." To, haka yake faɗa a kan askarsa da rediyonsa da buta, kuma duk Inna tana taɓawa. Cikin 'yan kwanaki kurajen suka lafa, Baba ya koma yin barci har da minshari. Inna ta ce ba ta taɓa ganin magani mai albarka irin wannan ba.

Sai amarya ta soma rama. Ba ta cin abinci, ba ta barci, da safe sai ta zagaya bayan ɗaki ta daɗe. Ni dai na ɗauka kewar miji ce, na yi ta yi mata tsiya. Ashe ciki ne, sabo fil. Amma a wurinmu cikin fari ba a faɗarsa. Mai shi ba ta faɗa, uwar miji ba ta tambaya, sai ya fito ya faɗi kansa. Inna ta gane, ta yi kamar ba ta gane ba, kamar yadda kowace suruka ta kirki take yi. Abin da ta iya yi kawai shi ne tausayi.

Da rani aka haihu, ƙanena ya riga ya dawo. Ina cikin ɗakin. Ungozoma ta ɗago jaririyar. 'Ya mace ce, kyakkyawa, gashi cike da kai, kuka rangaɗau. Amma ba ta da damatsa. A kowace kafaɗa ɗan tafi ne ya fito kai tsaye, da 'yan yatsu ƙanana suna motsi. Uwar ta ce a ba ta. Ta rungume ta, ta ja zane ta rufe kafaɗun.

Kafin la'asar maganar ta gama zagaya unguwa, kuma kowa ya san mai laifi. Wata ta ce ta sha ganin amarya a bakin kwari da tsakar rana, lokacin fitar mutanen ɓoye. Wata ta ce jinin danginta ne. Gwaggo, yayar Baba, ta zo ta kafa kujera a tsakar gida ta ce wa ƙanena, "Ya waladi, ɗana, a danginmu ba a taɓa haihuwar irin wannan ba. A yi suna, ka mai da ta inda ka ɗauko ta, halas." Ƙanena ya sunkuyar da kai. Na san shi, wanda ya fi ɗaga masa murya shi yake bi. Na tashi na wanke Gwaggo tas, amma masifata ba hujja ba ce, kuma yarinyar ba ta da kowa a garin nan.

Washegari da hantsi Baba yana wasa wuƙa a ƙarƙashin rumfa, ina wanke kofuna, Inna tana kuka tana lissafa hidimar da ta yi. "Me ban yi wa yarinyar nan ba? Tsamiya na jiƙa mata, lemon tsami na sayo. Da ta kasa barci har hubub, ƙwayoyin barcinka, na riƙa ba ta, wallahi sai ta kwana kamar jaririya, aman ma ya tsaya."

Wuƙar ta tsaya. Baba ya ce, "Waɗanne?"

"Na gwangwani mana."

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar. Ya ajiye wuƙar a hankali, ya ce mini, "Ɗauko mayafinki, raka ni."

Wurin wani ma'aikacin lafiya muka je, wanda ashe shi yake duba Baba a ɓoye tun dawowarsa. A hanya Baba ya faɗa mini, bai dube ni ba. Kuturta ce. An kama ta da wuri, yana shan maganinta, kuma an tabbatar masa ba ya harbin kowa. Likitan birni ya ja masa kunne cewa ƙwayoyin gwangwani kada mace ta kusance su, balle mai ciki. To ta yaya zai faɗi haka a gida? Sai an tambaye shi wane irin ciwo ne. Kuma ta yaya dattijo zai buɗe baki ya ambaci ciki, surukarsa tana bayan zana? Sai ya ce kada a taɓa, ya ɗauka ya gama magana.

Ma'aikacin ya saurare mu, ya dafe kai. Ya ce sunan maganin talidomayid. Turawa suka fara yin sa tun kafin a haife ni, a matsayin maganin barci, suka riƙa ba mata masu laulayi don yana tsai da amai. Aka yi ta haihuwar yara babu hannuwa, wasu babu ƙafafu, a ƙasashe da dama, kafin a gane shi ne, aka hana sayar da shi. Daga baya aka gano babu abin da ke kwantar da kurajen masu kuturta kamarsa, sai ya dawo ta wannan ƙofa. Ba ya warkar da cutar, zafinta kawai yake kashewa. Ya ce ɓarnarsa a makonnin farko take, lokacin da mace ma ba ta gama tabbatarwa ba. Na ce a raina, lokacin da mu kuma muka haramta wa kanmu magana. Shekaru bayan haka na ji ana ba masu wata irin sankarar ɓargo shi, yana taimakonsu. Allah ya ba su lafiya. Ni dai har yau ba na son jin sunansa.

A hanyar dawowa na ce, "Baba, a ce maganin barci ne kawai. Ba sai an ambaci ɗayan ba." Ya ce, "Gwaggonki za ta yarda maganin barci yana cin hannu? Za ta tambaya har ta kai ƙarshe. Kuma uwarki ce za ta ɗauki laifin." Mu biyu mun san abin da ke jiran mai sayar da nama in aka ji wannan kalma.

Ranar suna shi ya gyara ragon da kansa, ya yi agashen da ban taɓa jin ƙamshin irinsa ba. Da liman ya shafa fatiha, kafin a miƙa tire, Baba ya miƙe. Ya naɗe hannun jallabiyarsa har kafaɗa, fararen tabo suka bayyana. Ya ɗaga murya yadda mata za su ji daga ciki. "Ya jama'a, ina da juzam, kuturta ke nan, ina shan magani. Maganina ne ya taɓa jikata, don na ɓoye, ban faɗi abin da likita ya ce in faɗa ba. Yarinyar nan ba ta da laifi, danginta ba su da laifi, uwargidana ba ta da laifi. Wanda zai yi magana ya yi da ni."

Babu wanda ya zage shi. Da sun zage shi ma da ya fi. Suka riƙa cewa ma'alesh, Allah ya sawwaƙe, suna neman takalmansu. Mutanen da suka shekara ashirin suna lashe yatsa a gaban tukubarsa, kowa ya tuna yana da uzuri. Tire-tiren nama suka rage a kan tabarma, ƙudaje suna sauka. Baba ya zauna shi kaɗai a tsakiyarsu.

Sai ga mai jego ta fito daga ɗaki, jaririya a kafaɗa. Yarinyar da ko ruwa ba ta sha a gabansa. Ta durƙusa a gefen tabarma, ta ja tire, ta ɗauki tsinke ta ci. Ta ƙara wani. Hawaye na zuba tana taunawa. Ta ce, "Baba, ya yi daɗi." Wannan ce magana ta farko da na ji ta yi masa kai tsaye. Ƙanena ya zo ya zauna kusa da ita ya sa hannu. Maganar saki ba ta sake tashi ba.

Baba bai koma kasuwa ba. Ya gwada sau ɗaya, ya dawo da namansa. Inna kuma tun daga ranar ba ta sake miƙa wa kowa ko ƙwayar ciwon kai ba, dariyarta ma ta tafi ke nan. Da jikar tasa ta isa cin abinci, kafin ta koyi riƙe cokali da ƙafa, Baba ne ya karɓi aikin ba ta a baki, ya hana kowa. Sai dai yatsunsa ba sa gane zafi, yakan tsoma su cikin kunu yana tururi bai sani ba. Ita ce take lura. Har yanzu ina jin 'yar muryarta a ƙarƙashin rumfar nan tana cewa, "Kaka, cire hannunka, za ka ƙone."