Bayis Biyar na Babanmu

Ranar wata Laraba, a daminar shekarar da nake aji huɗu na firamare, na dawo daga makaranta na iske Baba zaune a ƙasa cikin zaurenmu na Dutsin-Ma, jini na bin ƙaurinsa. Ya danne bakin fartanya da gwiwa ne zai wasa da hannu ɗaya, ƙarfen ya kuɓce ya tsaga shi. Wata bakwai ke nan da ciwon shanyewar jiki ya kashe masa hannun hagu, mutumin da duk unguwa ta sani da gyaran garma da kekuna da injin taliya. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, “Uwata, kada ki faɗa wa Innarku.” Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba.

Ban iya riƙe maganar ba. Inna ta ji, sai ta aika wa ƙaninta Kawu Lawal, wanda ke jigilar kaya zuwa kasuwar Kurfi. Mako na zagayowa sai ga shi da wani jibgegen ƙarfe da ya tsinto wurin ’yan gwangwan, sai da maza biyu suka kama aka sauke. Bayis ne, ƙarfen nan mai baki biyu da ake juya masa hannu ya damƙe abin da ake gyarawa. Tsatsa ta cinye shi, bakin ya liƙe, har zanzaro ya yi gini a cikinsa. Baba ya daɗe yana shafa shi, sannan ya ce, “Wannan shi zai zama hagun nawa.”

Ni da yayata Hajara muka zama ma’aikatansa. In mun gama surfe da ɗebo ruwa, ’yan uwanmu na can suna carafke a ƙofar gida, mu muna durƙushe da tsumma. Muka jiƙa bayis ɗin a ruwan tsamiya cikin tsohon baho, muka dirje da yashi da ɓaraguzan bulo har yatsunmu suka yi ja, muka riƙa ɗiga kananzir a zaren ƙarfen tsakiyarsa da ake murɗawa safe da yamma. Kwana goma sha ɗaya bai motsa ba. Ran na sha biyu na rataya a hannun bayis ɗin da dukan nauyina, sai ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya buɗe. Baba ya yi dariya har da tari. Aka binne kututturen kirya a zaure, aka ɗaure bayis a kai da manyan notuna huɗu, Baba na cewa, “In gindi na rawa, aikin ma rawa zai yi.” Kafin kaka manoma sun dawo da garmunansu.

Daga nan abin ya shiga ransa. Duk inda ya ji labarin tsohon bayis da aka yasar, sai ya sa Kawu ya ɗauko. Cikin shekara uku suka zama biyar, har da wani ɗan ƙarami na gyaran agogo da nake fasa goruba da shi a ɓoye. Inna takan yi mita wai zaure ya zama bola, amma ita ke ajiye mana tsummokaran da muke goge su.

Ina aji ɗaya na sakandare ciwon ya dawo, ya ɗauke hannun daman, ya naɗe masa harshe. Akan fito da shi zaure da hantsi a jingina shi da bango yana kallon bayis ɗinsa. Bayan wata biyu ya sa aka kira maƙera da masu gyara da ya sani daga Makera da Kurfi da wani ƙauye bayan Ɗantutture, ya riƙa nuna wa kowa nasa da haɓa. Da aka zo kan na farkon sai ya kafe ni da ido, ya yi ta ƙoƙarin magana. Kawu ya ce, “Alhamdu lillahi, Malam, mun gane, a ba Maƙeri Isa.” Ni na san ba haka yake nufi ba, ni yake so a bar wa, amma kunya ta hana ni buɗe baki a gaban manya. Ina tsaye aka kwance notunan. Hawaye ya gangaro masa, kowa ya ɗauka na rabuwa da sana’a ne. Bai kai Sallah babba ba.

Yanzu ina koyarwa, ’ya’yana sun girma, masu walda kuma sun cika bakin titi da sababbin bayis masu sheƙi da ba sa shekara biyu. Na bi sawun biyar ɗin nan. Ƙauyen can ya watse, biyu an sayar a kan sikeli, ƙaramin ba wanda ya tuna shi. Na farkon na same shi a gidan jikokin Maƙeri Isa, an ɗaure akuya a jikinsa. Suka ba ni kyauta, suna mamakin abin da mace za ta yi da shi. Yana nan a tsakar gidana, na wanke shi, na kafa shi, ba abin da nake matsewa a ciki. Shekara talatin na yi kafin na faɗi abin da ya kamata in faɗa ranar nan, cewa nawa ne, kuma wanda ya so ya ji ba ya nan.